Jan Rubutun Malam Mudi

Baba ya rasu ya bar aiki a buɗe. Ba gonarsa ta Gude nake nufi ba, wannan ƙannena sun riƙe ta. Wani ɗan littafi ne da ƙungiyar manoman Gwarzo da Kabo ta ce a rubuta da Hausa, kan yadda mutum zai ajiye wake da masara ƙwari ba su cinye masa ba. Ni na rubuta shi, don ni ke koyar da darasin noma a wata makarantar 'yan mata a Gwarzo. Mahbub, sakataren ƙungiya, shi ya ɗora shi a intanet yadda kowa zai buɗe daga inda yake. Alhaji Baƙo shi ne shugaba, nasa aikin sa hannu ne da cewa madalla. Baba kuwa, Malam Mudi, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya zauna a Kabo, shi aka ba duba abin da na rubuta. Wanda ya kawo wannan shawara, har yau ban san me na yi masa ba.

Mahbub ya kunna mana abin nan da ke barin sawun gyara. In ka goge kalma ba ta tafiya, layi kawai ake ja mata. In ka ƙara wata, sai ta fito da launinka, sunanka a gefe, ta tsaya tana jiran a karɓe ta ko a ƙi ta. Nawa launin shuɗi ne, na Mahbub kore. Baba ja ya samu, kuma ya dace da shi. Akwai kuma wurin barin magana a gefen shafi, wani ya zo ya amsa a ƙasa. Mahbub yana da sunan da yake kiran wurin da Turanci, Baba ya ce a kai kasuwa, tun zamanin kakanninsa malamai ke irin wannan rubutu a gefen littattafai, sunansa hashiya. Haka muka bi shi. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, tabarau a kan hanci, amma ba a daɗe ba littafina ya yi jajir kamar an shanya barkono a kansa.

Ni ce 'yar fari, ba ya kama sunana. A hashiya Malamar Gwarzo yake ce mini.

"Malamar Gwarzo, manomi ba ya auna danshi da na'ura. Haƙori yake sa wa wake, in ya ji ƙas, ya bushe. Rubuta haka."

"Malamar Gwarzo, wannan jimla ta fi igiyar rijiya tsawo. Raba ta uku, ki ba maƙwabta ɗaya."

Abin haushin shi ne yawancin gyaransa daidai ne. Nakan karanta ina tsaki, in gama tsakin, in ga babu abin cewa.

Wuri ɗaya ne muka ƙi haɗuwa, shafin ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari, wadda manoma ke kira bom. Na rubuta cewa kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar a ɗakin da mutum ke kwana, ko ɗakin da ke manne da shi, domin iskar da take fitarwa tana kisa. Baba ya ja layi a kan wannan, ya rubuta nasa da ja: in babu wani wuri, a ninka buhu, a ɗaure shi tam, a bar taga a buɗe. Sannan ya rataya hashiya a jikin jan rubutun nasa.

"Malamar Gwarzo, kin taɓa ganin sito a gidan talaka? Ɗaki biyu gare shi. In ya kai buhu waje, ɓarawo ya gode masa. Kika ce masa kada, zai rufe littafin ya yi abin da ya saba, ya haɗa da watsar da sauran abin da kika faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na amsa a ƙasa: "Baba, buhu ba ya riƙe iska komai ɗauri. Kuma wa ke barin taga a buɗe ga sauro, ga yara? In muka rubuta ana iya yi, mun ba da izini ke nan."

"Tun ba ki san hagu da dama ba nake yawo a ƙauyukan nan a kan babur."

"Yawon bai canja abin da ke cikin ƙwayar ba."

Haka muka yi ta yi, yana Kabo ina Gwarzo, hashiyar tana ƙara tsawo har ta wuce ƙasan shafin. In na je gida ranar Asabar ba ma tayar da zancen, sai mu gaisa, ya tambayi yara, in ci tuwon Inna. In na koma Gwarzo sai in tarar ya ajiye mini wata. Ta ƙarshe da ya rubuta gajera ce: "Ba mu gama ba. Ina da amsarki. Batir ya yi ƙasa, sai an kawo wuta."

Washegari ya faɗi a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kafin in iso asibiti an rufe masa fuska.

Ban yi kuka ba, kuma ba jarumta ba ce. Na nemi kukan ban same shi ba. Mata suka cika gidan, kowa ta ce Allah ya ji ƙansa, in ce amin, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, in ce amin. Ina zaune ina kallon takalman da aka jera a bakin ƙofa, ina lura da waɗanda aka sa wa faci. In an miƙo abinci in ci, in ba a miƙo ba ban tuna ba. Wata gwaggona ta rungume ni tana rusa kuka, ni kuwa abin da na ji kawai shi ne ƙamshin man zafin da ta shafa a wuya. Jikina gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka san taka ce, ka taɓa ba ka ji.

Bayan sadakar bakwai mutane suka ragu. Inna ta shiga takaba, ta koma ƙuryar ɗakinta da carbi. Wata rana da hantsi ina zaune kusa da ita sai fanka ta fara juyawa. Na jawo kwamfutata na jona, na buɗe littafin ba tare da na yi niyyar komai ba. Jan rubutun yana nan yadda ya bar shi. Na gangara har shafin ƙwayar. A ƙarƙashin maganarsa ta ƙarshe akwai ɗan fili fari na rubuta amsa. Na rubuta, "Baba, an kawo wuta." Na tura. Na zauna ina kallon wurin, ban ji komai ba, kamar na aika saƙon neman gawayi.

"Me kike dubawa haka?" in ji Inna.

"Aikin Baba ne. Gyaran da ya yi mini."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa."

Inna ba ta karanta boko. Ta matso ta leƙa jajayen layukan, ta ce, "Karanta mini in ji."

Na karanta mata ta haƙori da wake. Na karanta mata ta igiyar rijiya. Sai na ga gefen bakinta ya motsa, karo na farko tun rasuwar.

"Malam ke nan," ta ce. "Haka yake magana, kamar mutum ya ci masa bashi. Ci gaba."

Daga ranar abin ya zama mana al'ada. Duk Asabar in na zo daga Gwarzo, in mun gaisa na ajiye mayafi, sai ta ce, "Karanta mini Malam." Wurin da ta fi so shi ne inda muke gardama. Takan sa in maimaita, tana girgiza kai a wajen amsoshina, tana cewa ban da kunya, tana gyaɗa kai a wajen nasa. Ni dai bakina ke karantawa. Murya ce ke fita, ban san daga ina ba.

Wake ya fara bushewa a gonaki lokacin da Alhaji Baƙo ya kira taro a shagonsa na taki da iri a Kabo. Mu uku ne, ni da shi da Mahbub, kujerar da Baba ke zama an ɗora mata buhun iri, ina jin don kada ta zauna fayau.

"Ikilima, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau, Alhaji. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya maigidan, ya yaran?"

"Duk lafiya, suna gaishe ka."

"Madalla. Ya ƙarin haƙuri? Ya Hajiya Fatsuma da takaba?"

"Da godiya, Alhaji."

"Allah ya ji ƙan Malam, ya sa ya huta, ya sa bakin wahalarsa ke nan. Wallahi mun yi rashi. Ba ku kaɗai ba, ƙasar nan duka."

"Amin, na gode."

Ya gyara zama ya shiga magana. Mai ɗab'i a Kano yana jira. In littafin bai fito kafin wake ya shiga buhu ba, sai baɗi. Abin da ya rage kawai shi ne a tsabtace shi, jan nan da shuɗin nan duk su koma baƙi.

"Kuma mun yi shawara da dattawan ƙungiya," ya ce. "Duk inda hannun Malam ya taɓa, a karɓa. Ba sai an duba ba. Ba a mayar wa mamaci magana. Wannan littafi sadakarsa ce mai gudana, sunansa za mu sa a shafin farko. Mahbub, ka ce akwai wurin da ake dannawa sau ɗaya a karɓi duka?"

"Akwai, Alhaji."

"To bismillah."

Na ga yatsan Mahbub ya nufi wurin. Na ce, "Dakata."

Suka juyo. Na ce a buɗe shafin ƙwayar. Na karanta musu nawa, na karanta musu na Baba, da murya irin ta mai kiran sunayen ɗalibai da safe.

"Wannan ɗaya ba za a karɓa ba," na ce. "Sauran duka a karɓa, sun fi nawa. Wannan kuskure ne."

Alhaji ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Ikilima, kina jin abin da kike faɗa kuwa? Mahaifinki ne. Mutum yana kwance a kabarinsa, ba shi da bakin kare kansa, ki bi bayansa ki goge masa magana? Da wani ne daga waje ya faɗi haka, ke ya kamata ki tare shi."

"Da yana nan ma abin da nake gaya masa ke nan. Ga shi a rubuce."

"Ai da yana nan ne. Yanzu ba ya nan. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin manoman nan, kina ganin bai san abin da yake faɗa ba?"

"Ya san manoma, Alhaji. Ni kuma na san ƙwayar. In wani a Lakwaya ya karanta wannan, ya kwana da buhu da 'ya'yansa, aka wayi gari ba su tashi ba, sadakar wa ke nan?"

"Subhanallahi!" in ji Alhaji. Mahbub ya sunkuyar da kai yana goge allon kwamfuta da bakin rigarsa, allon da ba abin da ya same shi.

Na san maganar ta yi nauyi. A da, da na faɗi irinta gaban dattijo, da kunya ta hana ni barci. Ranar kuwa ko gezau, kamar wata ce ta faɗa ina gefe ina saurare.

Alhaji ya ƙura mini ido. Can ya ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Taurin kan nan na san inda kika samo shi. Ni dai hannuna ba zai goge maganar Malam ba, kuma ba zan sa yaron nan ya goge ba. Ki tafi da aikin. Ranar Litinin nake son littafin, ko da jan ko babu. Amma ki je ki yi tunani, ki kuma tuna kina da uwa a ɗaki."

Mahbub ya biyo ni har bakin titi.

"Anti, akwai abin da ya kamata ki sani. Hashiya ba ta fita a ɗab'i, za ta iya zama a fayil ɗinmu har abada, ba ta tsare wa kowa komai ba. Amma waccan doguwar taku, a jikin jan rubutun Malam take rataye. In kin karɓi rubutun, tana nan. In kin ƙi shi, rubutun ya tafi, ita ma ta bi shi. Duka, da nasa da naki."

"Na gane."

"Zan yi miki kwafi kafin nan, in tura miki. Ba abin da zai ɓace."

"Kwafin, Baba yana ciki?"

"Maganarsa duka tana ciki."

"Ba maganarsa ba. Shi. A wannan akwai sunansa cikin waɗanda ke iya buɗewa su rubuta. A kwafin fa?"

Ya ce, "A'a. Ke kaɗai ce."

Na san zancen ba na hankali ba ne. Na ga an ɗauki Baba a makara da idona. Amma a nan ne ya ce yana da amsata, kuma filin amsar yana nan a buɗe a ƙarƙashin sunansa. Muddin yana buɗe, gardamar ba ta ƙare ba, an dai tsaya ne. Mahbub ya turo kwafin tun kafin in isa gida. Na ga ya shigo waya, ban buɗe ba.

Na wuce gida na gaya wa Inna yadda aka yi. Ta saurara har na gama, carbinta bai tsaya ba.

"Tun ina amarya muke kwana da buhu a ɗakin nan," ta ce. "Ga ni zaune."

"Ciwon kan da kike yi duk kaka fa, Inna? Har da amai. Kina cewa sabon hatsi ne."

Ta dubi bango, ta ce, "Yana da rai kin hana shi sakat. Yanzun ma ba za ki ƙyale shi ba?"

Maganar ta isa ta huda mutum. Na ji ta, na san ta isa, amma ta tsaya a waje. Na tashi na ɗebo mata ruwan alwala.

Ranar Lahadi da safe na shiga ɗakin Baba na zaure. Ba a taɓa komai ba tukuna, ana jiran rabon gado. Tabaransa yana kan tebur, hularsa a ƙusa, takalmin gonarsa da busasshen taɓo a bayan ƙofa. Na zauna a kujerarsa na buɗe littafin daga shafin farko. Ban danna wurin karɓar duka ba. Ɗaya bayan ɗaya na bi su.

Na karɓi haƙori da wake. Jan ya koma baƙi, sunansa ya ɓace daga gefen, maganar ta shige cikin tawa, ba mai iya cewa ga inda nawa ya tsaya nasa ya fara. Na karɓi jimlar da ya raba uku. Na karɓi inda ya cire mini "wajibi ne manomi ya tabbatar" ya sa "ka tabbata". Na karɓi inda ya ƙara cewa a share rumbu a ƙona sharar kafin a zuba sabon hatsi, abin da ni na manta ɗungurungum. Hannuna ya kama aikin da kansa, danna, gangara, danna, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A waje ana ta harkar duniya, mai kifi yana busa, wata akuya tana kiran ɗanta. Shafi bayan shafi yana yin fari da baƙi, ni kuwa ko ajiyar zuciya ban yi ba.

Har na iso wurin. Shi kaɗai ya rage ja a duk littafin.

Na sake karanta gardamar daga sama. A karo na farko na karanta nasa ba don in nemi abin mayarwa ba. Tambayarsa tana nan daram, ban taɓa amsa ta ba: talakan da ba shi da sito, ina zai kai buhunsa? Ni kada kawai na ce masa, na juya baya. Na buɗe sabon layi a ƙasa, na rubuta da shuɗina cewa in ba ka da wurin ajiya sai ɗakin kwana, to kada ka sa ƙwayar sam. Ka busar da waken sosai, ka zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, ko jarka, ko duro mai murfi, ka cika shi, ka toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu. In kuwa lalle sai ka sa ƙwayar, ku haɗu da maƙwabta ku nemi ɗaki guda nesa da wurin kwana ku sa masa kwaɗo. Na karanta, na ga jimla ɗaya ta yi tsawo, na raba ta.

Ko amsar da yake da ita ke nan? Ban sani ba. Wataƙila wata ce dabam da ta fi wannan. Wataƙila kuma ba shi da wata amsa, neman lokaci kawai yake yi, don Baba ya iya wannan ma.

Na kai kibiyar kwamfutar kan jan rubutunsa. Zaɓi biyu suka fito, karɓa da ƙi. Na dubi filin amsar nan fari a ƙarƙashin nawa saƙon na an kawo wuta. Ba abin da ya shigo. Na jira kaɗan duk da haka, ba don ina sa rai ba, sai don ladabi, yadda ake jira babba ya gama magana.

Na danna ƙi.

Ba ƙara, ba tambayar ko na tabbata. Jan ya tafi, layin da ya ja a kan maganata ya ɗauke, dogon zaren gardamar da ya cika gefen shafin ya ɓace gaba ɗaya. Shafin ya faɗaɗa ya cike wurin. Kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwayar a ɗakin da mutum ke kwana. Baƙi, tsaf, kamar ba wanda ya taɓa musa mini.

Na karɓi nawa shuɗin, na rufe kwamfutar, na kira Alhaji Baƙo. Bayan gaisuwa na ce na gama, Mahbub zai iya turawa.

"Da na Malam ko babu?"

"Babu. Na ƙara wani abu a ƙasa kan wanda ba shi da sito. Ka sa a karanta maka."

"To. Ke da ubanki ne. Zan sa hannu, don kaka ba ta jira. Amma duk dattijon da ya tambaye ni, zan ce ke kika cire."

"Ka ce ni ce, Alhaji."

"Allah ya ji ƙan Malam."

"Amin."

Na shiga cikin gida. Inna ta idar da walaha tana zaune a kan darduma. Ta ga kwamfutar a hannuna, ta matsa ta ba ni wuri.

"Karanta mini inda kuke faɗan nan."

"Babu shi, Inna. Na rufe."

Ta dube ni.

"Akwai kwafi a waya, in kina so in buɗe miki."

"Bar shi," ta ce. Ta ja carbi ɗaya, ta ja na biyu. "To wa ya yi nasara?"

"Ni."

"Hm." Ta gyara bakin hijabinta. "Da yana nan da ba ki yi ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma don ta ƙona mini rai ba. Gaskiya ce ta sani ta ajiye a gabana. Tun ina 'yar firamare nake gardama da mutumin nan, kan lissafi, kan karatun da zan yi, kan taki, kan gishirin miya, ban taɓa kayar da shi ba ko ranar da gaskiya ke hannuna. Kullum yana da wata a aljihu. Yau na ce a'a, aka bar ni da a'ata, don kawai babu mai cewa Malamar Gwarzo, dakata.

Sai abin ya taso daga can ƙasan ciki, da zafi. Na ajiye kwamfutar a ƙasa ban san yadda na ajiye ba. Na kifa kaina a cinyar Inna, na yi kukan da mata suka yi ta jira in yi ranar jana'iza, da ƙarfi, da majina, kamar yarinyar da aka manta a kasuwa. Inna ba ta ce in yi haƙuri ba. Ta ɗora hannu a bayana ta bar shi nan.